Lambu na Bakwai

Ɗana ya rasu ranar wata Alhamis, yana da shekara talatin da ɗaya. Zan faɗi yadda ranar ta tafi bi da bi, domin har ƙarfe huɗu da rabi na yamma babu abin da ya raba ta da sauran ranaku.

Ƙarfe shida na safe ya shiga aiki. A gidan rediyo yake, amma masu sauraro ba su taɓa jin muryarsa ba. Shi ne mai zama bayan gilashi da hedifon a kai, yana ɗaga wannan maɓalli yana sauke wancan don muryar mai magana ta fita tas. Abokan aikinsa Kunne suke ce masa. Tun yana ƙarami haka yake. Yana kwance a ɗaki zai ce famfon kicin yana ɗiga, a je a tarar gaskiyarsa ce. Ni na koyar da lissafi shekara talatin da biyu, na so ya bi sawuna, bai bi ba.

Ƙarfe tara na kunna rediyo kamar kullum. Shirin bai dame ni ba. Idan na ji sauti sumul, babu ƙara babu tsinkewa, na san yana kan kujerarsa.

Ƙarfe ɗaya da kwata babur ɗinsa ya tsaya a ƙofar gida. Ya shigo yana cire hular kwano, ya buɗe tukunya tun kafin ya gaishe ni.

"Malama, ina takardar jarrabawar?"

"Ka wanke hannu tukuna."

"Kin gama ba da maki? Kada dai a ce an yi son kai."

Bari in bayyana wace takarda ce. Matarsa tela ce, shagonta a bakin babban titi, da kekunan ɗinki huɗu. Zazzaɓi mai zafi ya taɓa mata kunne tana 'yar shekara tara, tun daga nan take sa na'urar ji. Na'urar ba ta zaɓe. Yadda take ƙara muryar mutum haka take ƙara hon ɗin mota da injin maƙwabci. Gidansu kuma a bene na biyu yake, mai walda a ƙasa. Da ta dawo daga shago takan cire na'urar ta ajiye, kanta na sarawa, su yi hira da leɓe da hannu. Wata rana ya ce min, "Shekara uku da aure, ban taɓa yi mata magana ƙasa-ƙasa ta ji ba. Ko in ɗaga murya, ko ta kalli bakina."

Shi ya sa ya shiga neman lambun shaƙatawa mafi shiru a cikin gari, inda za su shimfiɗa tabarma ranar Asabar da za su cika shekara ukun, su ci abinci su biyu, ta sa na'urarta ba abin da zai shiga sai muryarsa. Bai gaya mata ba. Kwando da tabarma da filas ɗin shayi da ya saya, duk a ƙarƙashin gadona ya ɓoye su.

Ya yi neman ne irin na mai sana'arsa. Duk lambun da ya je, sai ya rufe layin wayarsa don kada kira ya katse shi, ya ɗora ta a kan benci, ya faɗi lamba da lokaci, sannan ya ja baya taku biyar ko shida don kada numfashinsa ya shiga. Ya zauna ko motsi ba ya yi, wayar ta naɗi sautin wurin na minti goma. Washegari ya kawo min, ya sa min hedifon, in rufe ido da fensir a hannu. Hon ɗaya, zane ɗaya. Muryar mutum, zane ɗaya. Inji, zane biyu. A gefe ina rubuta duk abin da na ji. Sati shida muka yi a haka, lambu takwas. Ya ce da gangan ba ya faɗa min sunayensu, don kada in zaɓi wuri saboda na san shi ko na ƙi shi saboda unguwar. Na yarda da wannan ƙa'ida ɗari bisa ɗari. Ni kaina haka nake duba jarrabawa, da lamba, ba da suna ba.

Ranar na miƙa masa takardar yana cin shinkafa. Na huɗu da na bakwai ne suka yi kusa da juna, na huɗu ya ɗan fi.

"Jirgin ƙasa ɗaya kika ba zane huɗu?" in ji shi. "Malama, wannan zalunci ne. Shi ya sa ɗalibanki suke canja hanya in sun hango ki a kasuwa."

"Jirgi ai jirgi ne."

"Sau ɗaya ya wuce, daga nesa ma." Ya naɗe takardar, ya sake warware ta, ya tura min. "Riƙe. Yau zan koma ɗaya daga cikinsu in ji yadda yake da ƙarfe uku, tunda lokacin za mu je. Daga nan in ɗauko Madam ƙarfe huɗu."

"Wanne za ka koma?"

"Gobe za ki ji da kunnenki."

A bakin ƙofa na tambaye shi abin da nake tambayarsa tun yana ɗan shekara biyar, lokacin da likita ya ce asma gare shi. "Maganin shaƙarka fa?"

Ya bugi aljihun ƙirjinsa. "Shekara talatin da ɗaya, Malama. Yaushe za a yaye ni?"

Ƙarfe biyu daidai ya tayar da babur. Ƙarfe uku ina guga. Ƙarfe huɗu na sha shayi, na zauna da littafi.

Huɗu da rabi saƙo ya shigo wayata. Surukata ba ta kira, rubutu take yi. "Mama, yana wurinki? Bai zo ɗaukata ba. Wayarsa ba ta shiga."

Na kira shi. Ba ta shiga. Na ce wa kaina minti goma ne, yanzu zai buɗe layin. Na zauna ina kallon agogon bango har minti goman suka cika, na sake kira. Na sake ba shi wasu goma. A shekara uku bai taɓa barin matarsa tsaye a bakin titi ba, domin ya san ba ta jin mota daga baya. Na kira gidan rediyo, wanda ya ɗauka ya ce, "Kunne? Ai tun ƙarfe ɗaya ya fita, Mama. Lafiya dai?" Na ce lafiya. Na kira ƙanwarsa, wadda take aikin jinya, na ce ta baro duk abin da take yi ta zo da mota.

Biyar da minti biyar muka tsaya a ƙofar shagon. Surukata na tsaye da jakarta a kafaɗa, zare ja manne a hannun rigarta. Ta shiga baya, na juyo gaba ɗaya don ta ga bakina, na gaya mata komai: lambuna, kwando, Asabar. Ba haka aka so ta ji ba. Fuskarta ta fara sakin murmushi, sai ta tsaya a rabi.

"To ina ne wurin?"

"Ban sani ba."

Ta taɓa na'urar kunnenta. "Sake faɗa, Mama."

"Ban sani ba. Lamba kawai na sani."

'Yata ta juyo daga sitiyari. "Sati shida kuna wannan abu ke da Yaya, ba ki tambayi sunan wuri ko ɗaya ba?"

"Tuƙa motar."

"In tuƙa ta zuwa ina?"

Na fito da takardar. Na ɗora ta a gwiwa. A gefen na huɗu na rubuta: lilon yara mai ƙara, tantabaru, ƙararrawar makaranta. A gefen na bakwai: ruwa na gudu a bututu, jirgin ƙasa a minti na takwas, babu muryar mutum ko ɗaya. Wannan ne duk abin da nake da shi game da inda ɗana yake. Na san yadda wuraren suke a kunne kamar yadda na san ɗakina, amma ko a wane ɓangaren gari suke ban sani ba.

"Wanne za mu fara?" in ji 'yata.

Na ce na huɗu, domin shi na ba maki mafi kyau. Ban tsaya na tuna cewa shi na bakwai yake karewa ba. Surukata ta karanta takardar ta ce ta san wani lambu mai lilo a bayan makarantar firamare, tana kai wa wata mata ɗinki kusa da shi.

Biyar da minti ashirin da biyar muka isa. Suka watsu suna duba benci-benci, ni na tsaya a tsakiyar ciyawa na rufe ido. Ban ji komai ba sai bugun zuciyata. Na danne numfashi. Can sai ga shi: ƙiii, ƙiii, lilon, da wannan 'yar tsayawa a tsakiya da na sani. Na huɗu ne, babu shakka. Na buɗe ido da wani irin farin ciki na wauta, kamar na ci jarrabawa. Muka zagaye wurin sau biyu. Mai sayar da lemo a ƙofa ya ce yau bai ga mai babur da hedifon a wuya ba, amma ya san shi, "wannan da yake zama kamar gunki." Minti ashirin muka ɓata a nan.

A mota 'yata ta buɗe taswira a wayarta, ta bi layin dogo da yatsa. Wurare uku ne masu launin kore, alamar lambu, a gefensa. Rana ta fara sauka. Ban faɗa ba, amma ina lissafi: idan asma ce, kuma ta kama shi da ƙarfe uku, an yi awa biyu da minti arba'in da biyar. Na san abin da wannan lamba take nufi, 'yata ta fi ni sani. Ba wadda ta kalli wata. Surukata tana ta aika masa saƙo, ɗaya bayan ɗaya, ina jin ƙarar yatsunta a kan gilashin wayar.

Na farkonsu ko fita ban yi ba. Na sauke gilashi, na ji injin masu wankin mota, na ce mu wuce.

Na biyu muka tarar da ƙofarsa a kulle da sarƙa, an liƙa takarda a jiki: an rufe yau, an yi feshin maganin ƙwari. Wani dattijo mai kula da lambun yana zaune a kan bokiti daga ciki, ƙyalle a hanci.

"A rufe yake, Hajiya. Sai jibi."

"Baba, wani bai shigo ba? Dogo, da babur?"

"Ko kaza ba ta shigo ba. Tun sha biyu muka fesa wa itatuwan magani, tsutsa ta cinye su. Ni kaina idona yaji yake yi."

'Yata ta riga ta juya za ta koma mota. Na ce ta tsaya. Na ce kowa ya yi shiru. Na riƙe ƙarfen ƙofar, na rufe ido. Motoci na wucewa a bayana. Na jira su ragu. A ƙarƙashinsu, can ciki ta hagu, ruwa na gudu a bututu, da wani ɗan gurgur da yake yi duk bayan daƙiƙa biyar ko shida. Na bakwai ne.

"Akwai wata hanya ta baya?"

Dattijon ya sauke ƙyallen. "Akwai inda waya ta yanke, ta wajen layin dogo. Amma can ba a..." Bai ƙarasa ba, ya miƙe yana laluben makulli. Sau uku makullin ya kuɓuce masa.

Wari ne ya fara tarar mu, mai kama maƙogwaro. Wurin yana da kyau, wannan dole in faɗa. Manyan itatuwa, ciyawa a share, gangare ya tare ƙarar titi, da ka yi taku talatin sai ka ji kamar an rufe ƙofa a bayanka. Surukata ce ta fara hango babur ɗin, a jingine ta wajen wayar da ta yanke. Ta nan yake shigowa, don haka bai ga takardar da ke ƙofar gaba ba. 'Yata ta ruga da gudu. Ni ban iya gudu ba. Ina tafe ina ƙirga takuna, ban san dalili ba.

Yana kwance a gefensa a kan ciyawa, taku biyu tsakaninsa da bencin. Maganin shaƙar yana hannunsa, babu komai a ciki. Wayar na kan bencin, a kan hankici, tana ci gaba da naɗa. 'Yata ta yi duk abin da aka koya mata, ta daɗe tana yi, har dattijon ya ce, "'Yata, ya isa." Ƙarfe shida da minti goma sha tara ne. Ita ce ta danna wayar ta tsayar da ita.

Sati biyar bayan haka surukata ta zo da wayar a naɗe cikin hankicin. Ta rame. Ta ajiye ta a kan teburin da muke zama da shi, ta ajiye hedifon ɗinsa a gefe.

"Na gwada, Mama. Na ƙure sauti, ba na jin komai sai shuuu. Ke ce kike saurara masa. Ki saurara min."

"Me kike so ki sani?"

"Lokacin da muke wancan lambun, mai lilo. Ni na kai mu can. Ina so in sani ko yana da rai."

"Ni na ce a fara da shi."

"Ni na san hanya."

Tun ranar nake tsoron wannan waya. Ko ɗakin da aka ajiye ta ba na son shiga. Awa uku da minti talatin da ɗaya ne a cikinta, kuma amsar tambayar da ta hana mu barci mu biyu tana ciki. Idan yana numfashi da biyar da rabi, to zanen fensir ɗina huɗu ne suka kai mu wani wuri. Na ɗauko takarda da fensir, domin ban san wata hanyar saurare ba. Ta zauna a gabana tana kallon fuskata.

Muryarsa ta fara fitowa, kusa sosai. "Na bakwai, Alhamis, uku saura minti goma sha biyu. Yau ko tsuntsu babu." Sai takunsa yana ja da baya, shida. Sai ruwan bututu.

A minti na uku na ji wani ɗan sauti a maƙogwaro, an danne shi. A na huɗu, haka. A na biyar, sau biyu. Na san wannan sauti. Tari ne yake haɗiyewa don kada ya ɓata naɗin. Shekara tara yana aiki a ɗakin da ba a tari idan jar fitila na kunne. Sai a minti na shida ya bar shi ya fito. Na ji yana girgiza maganin, ya shaƙa, ya sake girgizawa da ƙarfi. Jirgin ƙasa ya wuce a minti na tara. Abin da ke tsakanin nan da minti na ashirin da uku na ji shi duka, ban cire hedifon ba, kuma ba zan rubuta shi ba. Daga ashirin da uku babu komai sai ruwa. Na ƙara minti talatin don in tabbata, sannan na kashe.

Na rubuta mata a takarda don kada ta yi shakkar leɓena: uku da minti goma sha ɗaya.

Ta daɗe tana kallon lambar. "Ina kan keke a lokacin," ta ce. "Ina haɗa hannun riga."

"Ni ina guga."

"Ya yi magana?"

Na rubuta mata abin da ya faɗa a farko, kalma bayan kalma. Ta karanta, ta tambaye ni yadda muryarsa take. Na ce ƙasa-ƙasa, irin ta mutumin da ya samu abin da yake nema. Ba ta tambayi sauran ba, ni kuma ban faɗa ba. Ta naɗe takardar ta sa a jaka. Ranar ta ci abinci a gidana, kaɗan, amma ta ci.

Kayansa ba su da yawa. Wayar tana wurin matarsa. 'Yata ta kwafe naɗin lambuna takwas na farko ta ba ni, na ƙarshen kuma ta bar shi inda yake. Kwando da filas surukata ta tafi da su shago, a nan take zuba abincin rana, tabarmar kuma masu koyon ɗinki suke zama a kai. A aljihunan rigunansa da durowar gefen gado da akwatin babur an samu maganin shaƙa shida, huɗu ko buɗe su ba a yi ba. 'Yata ta kai su asibitinsu. Hedifon ɗin na gidan rediyo ne, na mayar da kaina, shugabansu ya ƙi karɓa, na ajiye masa a kan tebur na fito. Babur ɗin mun ba ɗan ƙanin mahaifinsa da yake zuwa aiki da nisa. Riguna da wanduna an raba wa dangi, wasu surukata ta rage musu tsawo da hannunta.

Takalmansa ne ba su yi wa kowa ba. Ƙafa uku ne, lamba arba'in da shida, duk dangi babu mai irin ƙafarsa. Sun yi wata huɗu a bayan ƙofar ɗakina. Daga baya wani mai gadi a gidan rediyon, dogo kamarsa, ya aiko a tambaye ni cikin kunya ko suna nan. Na goge su, na sa a leda, na aika masa.